Abin da Aka Tono a Bayan Gidan Nyendwa

Da hantsi ranar Talata aka tsinci Tamala kwance a ɗakin girki, ba takalmi a ƙafarta, tsumman goge daɓe a hannu ɗaya, tafin ɗaya hannun ya ƙone. Firizar da take ajiye kifin sayarwa tana ta gurnaninta a kusurwa. Kafin a lulluɓe ta da zane, duk unguwarmu ta bayan tashar mota a Petauke ta gama yanke hukunci cewa mijinta ne.

Gershom Sakala mai gyaran wuta ne, kuma wuta ce ta ja matarsa. Ga mutanenmu, bincike ya ƙare ke nan.

Ni ce shugabar unguwa, Esnart Njobvu. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan wahala, ba don ina so ba, don dai ba a samu wanda ya kai ni baki ba. Da na ga matasa sun biyo Gershom da duwatsu, rigarsa a yage, sai na tura shi siton masarata na datse kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zane. Ɗan sandan da ya zo ya dubi taron, ya dubi sito, ya ce fito da mutum ta cikin waɗannan kisa ne, a bar shi nan har a turo masa ƙarin hannu. Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Yobe, wan Tamala, ya matso har ina jin hucinsa. Ya kira ni da Amai, wato uwa, yadda muke kiran manyan mata.

"Amai Njobvu, ina ganin girmanki. Gobe da tsakar rana za mu rufe ƙanwata. In muka dawo daga makabarta, ko ki buɗe, ko mu ƙona shi har da masarar."

Na zage shi tas, amma na san zai aikata. Abin kunyar kuma, ni kaina na yarda Gershom ne ya yi. Na ɓoye shi ne kawai don ba na son a kashe mutum a ƙofar gidana.

*

Tsoho Chibesa ya iso gidan makoki da la'asar ɗin farko, yana tura kekensa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobi da na mafarauta a gandun dajin Luangwa, yanzu yana noman gyaɗa a gefen gari. In an sace akuya ko keke, shi ake kira. Mutumin arewa ne, abokin wasanmu, don haka a gidan makokinmu yana da ikon faɗin abin da wani bai isa ya faɗa ba.

"Ke 'yar masu cin ɓera," ya ce da ni, "an ce kin kama kura kin sa a sito."

"Mai cin biri, yau ba ranar wasa ba ce."

"Na sani. Shi ya sa na zo." Ya leƙa ɗakin girki, ya ji gurnanin firiza, ya juyo da sauri. "Abin da ya kashe mutum har yanzu yana numfashi, ku kuna shige da fice? A kashe wutar gidan nan gaba ɗaya!"

Babu wanda ya yi wannan tunanin tun safe. Aka kashe.

Ya fara da maƙwabciyar da ta fi kowa rantsuwa. Ta ce da kunnenta ta ji, jiya da yamma, Gershom yana ɗaga murya yana cewa, "Firizar nan ita za ta kashe ki!"

"Ya ce zai kashe ta, ko ya ce firiza za ta kashe ta?"

"Ai duk ɗaya ne, Baba."

"A garinku," in ji Chibesa.

Ta ƙara da cewa ta hango shi ta taga da sukundireba a hannu, ya buɗe akwatin wuta yana tone-tone. Wani kuma ya ce tabbas wayoyin ya juya, ya sa mai wuta inda marar wuta take. Chibesa ya saurari kowa yana kallon ƙafafunsu, ba fuskokinsu ba.

Amai Nyendwa, mahaifiyar Tamala, tana zaune a tabarma cikin mata, sandarta a gefe. Gidan nata ne, na mijinta marigayi, 'yarta da surukin suna zaune tare da ita. Da Chibesa ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, magana ɗaya ta yi.

"Tun ba yau ba na san abin da yake yi mana."

Ya tambaye ta me yake yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

*

Ta jikin ƙofar sito suka yi magana, ni ina tsaye a gefe. Muryar Gershom ta dashe.

"Baba Chibesa, ko sun wanke ta? Ku ce kada su sa mata farar rigar nan, ba ta sonta."

"Zan faɗa. Yanzu koya mini sana'arka a taƙaice, ni jahili ne. Wuta ta ina take tafiya?"

Gershom ya fara, kamar mai karatu a gaban malami.

"Waya uku ce. Ja ita ke kawo wuta. Baƙa ita ke mayar da ita inda ta fito, don wuta ba ta shiga inda ba ta da hanyar komawa. Koriya kuwa zaune take, ba ta ɗaukar komai. An ɗaure ta a jikin ƙarfen firiza da na murhu, ɗaya bakinta yana cikin ƙasa a bayan gida. Ranar da wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe, koriyar ce za ta kwashe ta zuwa ƙasa, makunnin da ke cikin akwati ya ji, ya faɗi, wutar gida ta ɗauke."

"Baƙar ba ta isa ta yi wannan ba?"

"Baƙa kullum da kaya a kanta, ba a ba ta tsaron rai. Masu aikin ha'inci su ke haɗe su biyun su ce duk ɗaya ne. Ranar da baƙar ta tsinke, duk ƙarfen gidan ya zama ja. Ni ban taɓa yin haka ba, ku kira duk wanda kuke so ya duba."

"Wato dabba ce mai turba biyu," in ji Chibesa, "ta kullum da ta gudun tsira. In an toshe ta gudun fa?"

"Sai ta bi ta jikin wanda ya taɓa."

Gershom ya ci gaba. Ya ce wata biyu ke nan firizar tana yoyon wuta, da an jona ta sai makunni ya faɗi. Ya hana a jona ta har ya samo kayan gyara. Ya tafi aiki Nyimba mako biyu, jiya ya dawo ya tarar da ita a jone tana aiki lafiya lau, makunni ko motsi. Tamala tana murna wai ta warke da kanta.

"Inji ba ya warkewa, Baba. Shi ya sa na yi mata faɗa. Na buɗe akwati ban ga komai ba. Na cire firizar, na ce da safe zan bi koriyar har ƙasa. Da safe aka kira ni injin niƙa ya tsaya, na ce bari in je in dawo." Sai muka ji ya buga kansa a ƙofa. "Kifinta take ji, kada ya lalace. Ta sake jona ta."

*

Bayan gidan Nyendwa lungu ne tsakanin bango da shingen ciyawa na wurin wanka. Muna zagayawa awaki uku suka watse. Chibesa ya tare ni da hannu.

"Tsaya nan, kada ki taka mini takarda."

Ya tsuguna ya daɗe. Watan Oktoba ne, rabonmu da ruwan sama tun Afrilu, ƙasa ta riƙe duk abin da aka rubuta mata.

"Akuya ba ta zuwa inda babu ganye sai da dalili," ya ce. Ya dangwali ƙasa ya ɗanɗana, ya tofar. "Gishiri."

Ya tona da wuƙa. Ƙasar ba ta yi tauri ba, kuma baƙa ce, cike da ɓurɓushin gawayi. A jikin bango, dab da ƙasa, ga koriyar waya tana reto, an datse ta da filaya, bakinta yana ƙyalli.

Gishiri da gawayi. Na kawar da kaina daga ramin.

Yobe da ya biyo mu ya ga wayar ya ce, "Ka gani! Shi ya yanke. Wa ke da filaya in ba shi ba?"

"Yankan nan ya fi kwana goma. Dubi yanar gizo a bakinsa, dubi kashin awaki kashi-kashi, na jiya da na makon jiya. Mutuminka yana Nyimba lokacin."

"To ɓarayin jan ƙarfe ne, shi ya turo su!"

Kafin mu hana, shi da matasa sun yi wajen Kalonga ɗan gwangwan. Muka tarar sun shaƙe shi, sun zazzage rumfarsa. Daga ƙarƙashin tsofaffin kwanoni suka zaro sandunan jan ƙarfe guda tara, kowace ta kai ƙirjin mutum, da guntun koriyar waya a wuyanta.

"Wallahi saya na yi!" Kalonga yana kuka. "Wani ne a babur, da hular kwano, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ɗaya-ɗaya yake kawowa."

"Ku sake shi," in ji Chibesa. "Ɓarawo ba ya mayar da ƙasa a rami. Ba ya dadɓe ta da tafin hannu. Ba ya kwashe gawayi da gishiri a buhu ya tafi da su. Wanda ya tona ramin can bai ji tsoron a gan shi ba, da izinin masu gida ya tona."

Ni dai sandunan nake kallo. Na taɓa ganin irinsu sau ɗaya, kuma na san a ina.

*

Buhun da aka kwashe gishirin yana da huda. Chibesa bai ga gishirin ba, awaki sun riga sun lashe, amma ya ga inda suka bi suna tsayawa suna lasa. Haka muka bi sawun awaki, ni da shi, ta bayan shinge, ta gefen gonar rogo, har babban surin da ke mararrabar hanyar makabarta. Rana tana dab da faɗuwa.

A gindin surin ga tokar gawayi, ga guntayen fararen kyandir, ga kwalbar mai da aka fasa. Ƙasar wurin laka ce da gara ta gina, an zuba mata ruwa ranar da aka ƙona gawayin, ta bushe da sawu a kanta.

"Mutum biyu," ya ce. "Namiji da takalmi sau-ciki, ya tsaya a nan yana juyi. Ɗayar mace ce, silifas, tana jan ƙafar hagu. Ga inda ta durƙusa. Ga bakin sandarta, an sa masa marfin kwalba."

Bai faɗi suna ba, ni ma ban faɗa ba. Duk unguwa sanda ɗaya ce mai marfin kwalba.

Ya ɗago ya dube ni. "Ke kuma me ya same ki? Kin yi fari kamar garin masara."

"Ba komai."

"Esnart, shekara talatin ina kallon dabbar da ke son gudu."

Bara, lokacin da ciwon ƙafa ya hana ni barci kuma kaji suka yi ta mutuwa, wata ta raɗa mini labarin Elifala, mai addu'a mai farar riga da ke zuwa a babur. Ya zo da rana tsaka, lokacin da kowa ke kasuwa. Ya zagaya gidana ido a lumshe yana rawar jiki, ya tsaya a bayan ɗaki ya ce a tona. Aka tono sandar jan ƙarfe cikin gawayi da gishiri. Ya ce maƙiyi ne ya binne mini, har ya ɗaura ta da igiya a jikin gidan don ta riƙa shan jinina. Na yi kuka na gode masa. Ya ce kada in gaya wa kowa, in ba haka ba asirin zai dawo. A wannan surin muka ƙona gawayin.

Ni da nake yi wa mutane dariyar camfi a taron unguwa. Da muka rabu da Chibesa na koma gida na kashe wutata, na zauna ina jin kunya kamar ta kashe ni.

*

Da safe aka kawo akwatin gawa aka ajiye a tsakar gida. Maza a waje, mata a tabarmi, Kalonga a gefe da kumburarren ido. Yobe ya ajiye jarkar fetur a gindin mangwaro inda kowa zai gani. Ƙarin 'yan sandan ba su iso ba.

Chibesa ya shimfiɗa buhu, ya jera sandunan tara.

"Ku masu cin ɓera, ku saurara. Wannan ba asiri ba ne. Hanyar da wuta ke bi ta shige ƙasa ce in ta haukace, don kada ta bi ta jikin mutum. Gawayi da gishiri don ƙasa ta riƙe danshi ne. Wutar gidan nan da ke ɗaukewa, ba mugun abu ba ne, gidan ne ke kare kansa. An tone sandar, wuta ta daina ɗaukewa, aka ce an samu lafiya. Wanda ya yanke ya san abin da yake yi, ga inda yake sayarwa. Wadda ta kira shi ba ta sani ba."

"Wace ce?" in ji Yobe.

"Tana nan. Bakinta ya fi nawa dacewa."

Amai Nyendwa ta zuba wa akwatin ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Tatsuniya!" Yobe ya daka tsawa. "An ba tsoho giya ya zo ya wanke mai kisa. Wace mahaukaciya ce za ta bari a tone mata gida? A ɗauki gawa, mu je mu dawo!"

Matasa suka miƙe. Na ga ɗan sanda yana gyara hula. Ban san lokacin da na tashi ba.

"Ni ce mahaukaciyar," na ce. "Ɗaya daga cikin sandunan nan tawa ce."

Na faɗi komai, da kajin, da kyandir, da kukan godiya. Wani ya fara dariya ya haɗiye. Ina rufe baki matar mai niƙa ta miƙe tana kuka ta ce ita ma. Sai wata. Sai wani dattijon coci, kansa a ƙasa. Wata kuma ta zabura da gudu, don ta bar 'yarta tana guga a gida. Na ƙirga mu, takwas.

Sanda ɗaya ta rage. Kowa ya ƙi kallon inda ya kamata.

Amai Nyendwa ta yaye mayafinta.

"Na ga mijin 'yata da idona," ta ce, muryarta a bushe. "Duk rani sai ya dama gishiri a bokiti ya zagaya baya ya zuba a wuri ɗaya. Cikin 'yata uku ya zube. Wuta tana ɗaukewa a gidana kaɗai, maƙwabta da tasu. Me kuke so in ce? Da aka tono, wuta ta zauna. Na yi rawa a ɗakina." Ta dubi ɗanta. "Yobe, ni na riƙe wa mai addu'ar buhun."

Yobe ya zauna a ƙasa daɓas, kamar an zare masa ƙashi.

Na kwance makulli na je na buɗe sito. Gershom ya fito da ƙaiƙayi a gashinsa, yana kare ido daga rana. Ya ji komai, don siton yana jikin shingen gidan Nyendwa. Mutane suka dare. Ya zo ya durƙusa nesa da tabarmar, ya juya gefe yadda suruki ke yi, yana kallon bango.

"Amai, ruwan nan don ƙasa ta bushe nake zubawa. Don ku nake zubawa, ku da ita. Me ya sa ba ku tambaye ni ba?"

"Ta yaya zan tambaye ka? Kai surukina ne."

Gaskiya ta faɗa. Shekara huɗu suna gida ɗaya, in ta shigo ya fita, in ya biyo hanya ta ratse. Ko gishirin miya ne, Tamala ke kai magana ta dawo da amsa, mu kuma muna yabonsu da sanin ya kamata. Wannan tambayar ce kaɗai uwar ta ji nauyin ba wa 'yarta.

"Ni ma ban taɓa gaya muku ba," in ji Gershom. "Na ɗauka aikina ne, ba sai an sani ba."

Wani daga baya ya yi gunaguni cewa tsohuwa ta kashe 'yarta. Gershom ya miƙe ya juyo.

"Wanda ya sake faɗin haka, da ni zai yi. Ku nemi mai babur."

Sai tsohuwar ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Gershom," ta ce, kuma duk matan suka sunkuyar da kai, don ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. "Yanzu wa zai riƙa kai mana magana?"

Ya tako har kan tabarmar ya miƙa mata hannu biyu, ta kama, ya ɗaga ta tsaye.

Lokacin ɗaukar gawa, Yobe ne a hannun gaba na dama. Ya tsaya ya dubi ƙasa, sannan ya saki ya koma baya. Gershom ya kama. Muka bi su a hankali, don tsohuwar ta ce da ƙafarta za ta je.